Alhaji Umaru Karaci: Bakanon da ya ɗauki duniya gidansa

Duk sanda aka ce da mu 'yan zango baƙi ne, ni mutum ɗaya ke faɗo mini a rai: Alhaji Umaru na Kete Karaci.

An haife shi a Kano wajejen 1858, amma asalin gidansu Kabi ne. Mahaifinsa bafatake ne mai safarar goro zuwa Gwanja, don haka tun yana saurayi Umaru ya raba ƙafa tsakanin karatu da bin ayari. A ƙarshe ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro ta lokacin, yana koyarwa. Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1892 ya watse garin. Shi kuwa bai koma Kano ba. Ya gangara Kete Karaci a bakin kogin Volta, inda ya zama limami har rasuwarsa a 1934.

To, ku duba inda ya sauka. Karaci gari ne da ya shahara da tsafin Dente, Musulmi kuwa suna zaune a unguwarsu ta Kete. Mulki yana hannun Jamusawa, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila. Malam ya zauna da kowa ba tare da ya saki addininsa ba. Ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci yana kokawa kan yadda Nasara suka murƙushe sarakunan ƙasashenmu. Duk da haka ya zauna da jami'in Jamus Adam Mischlich, ya rubuta masa tarihi da al'adun Hausawa da ajami, rubutun da masana ke amfani da shi har yau. Ya kuma mayar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na jahiliyya, zuwa Hausa. Ɗalibansa sun bazu a zangunan ƙasar nan, suka zama limamai da malamai.

Kalmar ɗan duniya da masana ke yawan faɗa, ana danganta ta ga Diyojinis na Girka, wanda aka tambaye shi garinsu ya nuna duniya baki ɗaya. Wasu sun ɗauka ma'anarta mutum ya zama ba shi da tushe. Ni dai rayuwar Malam Umaru ta nuna mini akasin haka. Ya riƙe harshensa da alƙiblarsa gam, shi ya sa bai ji tsoron zama da wanda ba irinsa ba. Garin da ya karɓe shi kuma bai mai da shi masauki kawai ba, ya biya shi da ilimi kusan shekara arba'in.

Ai tambayar da ya bar mana ke nan, mu da aka haifa a zango: me muka ƙara wa garin da muke ciki? Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa.