Ibnul Haisam (965–1040): Masanin da ya Bayyana Yadda Ido ke Gani

Gabatarwa

A jami'o'i da kwalejojin ilimi, abubuwa biyu ake dubawa in za a auna nauyin malami: yawan rubuce-rubucen da ya wallafa, da yawan masanan da suka kafa hujja da su. Tun daga 1964, lokacin da aka fara fitar da kundin ƙidayar ambaton masana a Amurka, wannan ma'auni ya zama ruwan dare. Wannan babi zai duba rayuwar wani masani da ya rasu kusan shekara dubu da suka wuce, wanda tarihinsa ke nuna amfanin wannan ma'auni da kuma iyakarsa. Shi ne Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan, wanda aka fi sani da Ibnul Haisam, Turawa kuma suke kira Alhazen.

Haihuwarsa da Zuwansa Masar

An haifi Ibnul Haisam a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965. A zamanin an riga an fassara manyan littattafan Girkawa zuwa Larabci, don haka ya tashi ya tarar da ayyukan Uƙlidis da Batlimus da Aristo da Jalinus a hannun malamai, ya kuwa naƙalce su.

Masanin tarihi Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, ya ruwaito cewa labari ya kai wa sarkin Masar na daular Faɗimiyya, Alhakim, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021, cewa wani malamin Basra yana da dabarar sarrafa ambaliyar Kogin Nilu. Sarki ya aika aka ɗauko shi. Da Ibnul Haisam ya bi kogin har kudu da Aswan, ya ga girman ruwan da ƙarancin kayan aikin zamaninsa, sai ya gane abin ba zai yiwu ba, ya dawo ya faɗa wa sarki gaskiya. Saboda tsoron fushin Alhakim, ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har sarkin ya kau. Ba a gina madatsar ruwa a Aswan ba sai a 1902, babbar kuma aka kammala ta a 1970.

Bayan 1021 ya zauna kusa da masallacin Azhar a Alƙahira, yana ci da guminsa ta hanyar kwafar littattafan lissafi da na taurari da hannu yana sayarwa. A nan ya ci gaba da nazari da rubutu har ya rasu wajen shekarar 1040.

Rubuce-rubucensa

An ƙididdige masa ayyuka fiye da 90, sama da 50 daga cikinsu sun tsira har yau. Sun shafi lissafi da ilimin taurari da haske. Akwai maƙala a kan hasken wata, da wata a kan siffar husufi, da wasu a kan madubai masu tara zafin rana su kunna wuta. Akwai kuma littafin da ya tattara shakkunsa a kan Batlimus, inda ya nuna wuraren da maganganun wannan babban malami suke karo da juna. Sai dai bakandamiyarsa ita ce Kitabul Manazir, littafi mai juzu'i bakwai. Uku na farko sun yi magana a kan gani kai tsaye, uku na biye a kan gani ta madubi, na bakwai kuma a kan yadda haske ke karyewa idan ya ratsa ruwa ko gilashi.

Yadda ya Bayyana Gani

Kafin zuwansa masana sun rabu. Uƙlidis da Batlimus suna ganin cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Mabiya Aristo kuwa suna ganin siffar abu ce ke shigowa cikin ido, amma sun kasa bayyana hakan da lissafi. Ra'ayin farko yana da saurin shiga rai; duk yaron da ya ga idon kyanwa na ƙyalli da dare zai ɗauka daga ciki hasken ke fitowa.

Ibnul Haisam ya fara da abin da kowa ya sani. Wanda ya kalli rana idonsa zai yi zafi, wanda kuma ya daɗe yana kallon abu mai haske, in ya kau da kai zai ci gaba da ganin gurbinsa na ɗan lokaci. Wannan ya nuna cewa wani abu ne daga waje ke yin tasiri a ido. Daga nan ya kafa cewa kowane ɗigo a jikin abu mai haske, ko wanda haske ya sauka a kansa, yana watsa haske ta kowace fuska a kan miƙaƙƙen layi. Ya tabbatar da hakan da gwaji: ya jera fitilu a gaban wata ƙaramar kafa da ke buɗewa zuwa wuri mai duhu, sai kowace fitila ta fitar da nata ɗigon haske a bango. Da ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ya ɓace. Ashe haskoki na ratsa kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba.

Babbar gudummawarsa ita ce nuna cewa gani ba a ido yake ƙarewa ba. Ya lissafa siffofi 22 da mai kallo ke riska, kamar nisa da girma da siffa da motsi da kaushi da kyau. Ya bayyana cewa haske da launi kaɗai ido ke ɗauka da kansa. Sauran duk hankali ne ke fitar da su ta hanyar kwatantawa da tunawa da abin da aka saba gani, cikin saurin da mutum ba ya ma lura. Dangane da nisa, ya nuna cewa mai kallo na dogara ne da shimfiɗar ƙasa da abubuwan da ke jere tsakaninsa da abin da yake hange. Manomi a Batsari ko Safana yana iya ƙiyasta nisan bishiyar da ke ƙarshen gona saboda kunyoyin da ke tsakani, amma ba zai iya ƙiyasta nisan gajimare ba. Juzu'i na uku kuwa ya keɓe shi ga kurakuran gani da dalilansu, irin su ƙarancin haske da yawan nisa da gajeren lokacin kallo. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ibnul Haisam ya nuna cewa shi kansa ganin yana bukatar bincike.

Bai tsira daga kuskure ba. Ya bi Jalinus wajen ɗaukar cewa ƙwayar nan mai kama da gilashi da ke cikin ido ita ce ke karɓar gani, alhali tantanin da ke bayan ido ne.

Tasirin Aikinsa

Da za a ƙidaya masu ambatonsa a ƙarni biyu na farko bayan rasuwarsa, da sakamakon bai taka kara ya karya ba. Cikin 'yan kaɗan da suka amfana da littafin akwai Almu'utaman ɗan Hudu, sarkin Saraƙusɗa a Andalus daga 1081 zuwa 1085, wanda masanin lissafi ne. A gabashin duniyar Musulmi sai wajen 1300 Kamaluddin Alfarisi ya samu littafin ta hannun malaminsa Ƙuɗubuddin Asshirazi, ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir, ya kuma yi amfani da hanyarsa ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa.

A Turai an fassara littafin zuwa Latinanci wajen shekarar 1200. A ƙarni na 13 Roja Bekon da Jon Pekam na Ingila da Witelo na Folan duk a kansa suka gina littattafansu, littafin Pekam kuma ya daɗe ana karantar da shi a jami'o'i. A 1572 Firidirik Risna ya buga fassarar a birnin Basel tare da littafin Witelo. A 1604 Yohanas Kepla ya fitar da littafin da ya nuna cewa hoto na sauka ne a kife a tantanin bayan ido. Sunan Witelo Kepla ya sa a kan littafinsa, duk da cewa tushen ilimin na Ibnul Haisam ne. A 1867 masanin Jamus Helmhols ya sake fito da batun hukuncin da hankali ke yankewa a ɓoye yayin gani.

A ƙarni na 20 Musɗafa Nazif ya wallafa nazari mai juzu'i biyu a kansa a Alƙahira a 1942 da 1943, Abdulhamid Sabra kuma ya buga juzu'i uku na farko da Larabci a Kuwait a 1983, da Turanci a 1989. An sa wa wani rami a duniyar wata sunansa, sannan a 2015 an karrama shi a bikin Shekarar Haske ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Kammalawa

Rayuwar Ibnul Haisam ta nuna cewa ƙidayar ambato tana iya makara, tana kuma iya kai lada gidan wanda ya ɗauko maimakon wanda ya ƙirƙiro. Aikinsa ya ɗore ne saboda ya kafa shi a kan gwajin da kowa zai iya maimaitawa. Malamin da aka tura makarantar firamare a Babban Duhu ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje kafin ya koyar da wannan darasi. Ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar huda a taga sun isa yara su ga hoton bishiyar waje a kife a jikin bango, su tambayi dalili da kansu.

Tambayoyi

1. Kawo hujjoji biyu da Ibnul Haisam ya kafa cewa haske shiga ido yake yi.
2. Bayyana rawar da hankali ke takawa wajen gane nisa, tare da misali daga muhallinka.
3. Me tarihin Kitabul Manazir ke nunawa game da auna malami da yawan masu ambatonsa?