Malam Aminu Kano: Jagoran talakawa da rikicin Santsi da Taɓo

An haifi Malam Aminu Kano a Unguwar Sudawa da ke birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai masana shari'a na zuriyar Genawa. Bayan ya kammala Kwalejin Kaduna a 1942, ya fara koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. Ya yi ƙarin karatu a Landan, sannan aka tura shi Kwalejin Horar da Malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi siyasa.

A shekarar ce aka kafa NEPU a Kano, kuma a 1953 ya zama shugabanta. Yayin da NPC ta dogara da sarakuna, ita NEPU ta ɗora yaƙin neman zaɓenta a kan abin da ke damun talaka: nauyin haraji, aikin tilas, zaluncin 'yan doka da wasu kotunan alƙalai, da kuma hana mata ilimi da ƙuri'a. 'Ya'yanta sun sha ɗauri da bulala a kan haka. Malam ya shiga Majalisar Wakilai a 1959, daga baya kuma ya riƙe muƙamin kwamishinan sadarwa da na lafiya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, ya raba gari da tafiyar da ta zama NPN, ya jagoranci PRP. A zaɓen 1979 ya zo na huɗu a takarar shugaban ƙasa, amma jam'iyyar ta ci kujerun gwamna biyu: Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna. Dukkansu sun soke haraji da jangali, alƙawarin da aka daɗe ana yi wa talaka tun zamanin NEPU.

Sai dai nasarar ce ta jawo ɓaraka. Gwamnonin biyu sun shiga taron gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. A ganinsu, babban aikin da ke gaba shi ne haɗa ƙarfi a kayar da NPN. Shugabannin jam'iyya kuwa suna ganin taron zai mayar da PRP 'yar amshin shatan Cif Obafemi Awolowo, don haka suka hana halartarsa. Gwamnonin suka yi kunnen uwar shegu, aka kore su a 1980.

Daga nan jam'iyyar ta dare gida biyu. Ɓangaren Santsi ya ƙunshi gwamnonin da matasa 'yan boko, ƙarƙashin tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu, suna zargin uwar jam'iyya da karkata ga NPN. Ɓangaren Taɓo ya tsaya tare da Malam, kuma shi Hukumar Zaɓe ta FEDECO ta amince da shi. Abin lura shi ne, babu wanda ya musanta manufar 'yantar da talaka. Saɓanin a kan hanya ne, da abokin tafiya, da kuma wanda ke da ikon faɗa a ji tsakanin jam'iyya da gwamnan da ta tsayar.

Rabuwar ta yi tsada. A watan Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Rimi kuma ya koma NPP a 1983.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe, bai ga ɗinkewar ɓarakar ba. Bayan 'yan watanni Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren Taɓo ya kayar da Rimi a Kano, amma soja suka kifar da Jamhuriya ta Biyu a ƙarshen shekarar.

A yau filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na ɗauke da sunansa, gidansa na Mambayya kuma ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Tarihinsa na nuna cewa jam'iyya na iya haɗuwa a kan manufa, ta wargaje a kan dabarar cimma ta.