Richard St. Barbe Baker

Richard St. Barbe Baker (an haife shi ranar 9 ga watan Oktoba, 1889, ya mutu ranar 9 ga watan Yuni, 1982) ma'aikacin gandun daji ne kuma marubuci ɗan ƙasar Ingila, wanda ya yi fice wajen fafutukar kare dazuzzuka. Ya yi aiki a Kenya da Najeriya a zamanin mulkin mallaka. Ana yawan danganta masa asalin tunanin kafa shingen bishiyoyi a bakin hamadar Sahara, shirin da a yau ya ratso jihar Sakkwato.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a ƙauyen West End da ke yankin Hampshire. Yana saurayi ya tafi Kanada, ya yi karatu a garin Saskatoon, kuma a can ya fara ganin yadda ƙasa ke zaizayewa idan an sare itatuwan da ke riƙe da ita. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ya samu raunuka. Bayan yaƙi sai ya karanci ilimin gandun daji a jami'ar Cambridge.

Kenya da Najeriya

A shekarar 1920 aka tura shi Kenya. Ya tarar an cinye daji sosai a ƙasar Kikuyu. Maimakon ya dogara da doka da tara kamar sauran jami'an Turawa, sai ya nemi haɗin kan wani basarake mai suna Josiah Njonjo. A 1922 suka shirya rawar gargajiya ta musamman domin bishiyoyi, matasa suka taru, aka zaɓi masu sa kai waɗanda suka yi alkawarin dasa itatuwa kowace shekara da kula da na daji. Sunan ƙungiyar Watu wa Miti, wato mutanen bishiyoyi a harshen Suwahili (watu jam'in mtu ne, mutum, miti kuma jam'in mti, itace). A 1924 ya kafa irinta a Ingila da sunan Men of the Trees, wadda yanzu ake kira International Tree Foundation.

Daga tsakiyar shekarun 1920 zuwa 1929 ya yi aiki a kudancin Najeriya, a kurmin ƙasar Benin, inda kamfanoni ke sarar manyan itatuwa dangin maɗaci suna fitar da katako zuwa Turai. Bayan ya bar aikin gwamnati ya shiga yawon duniya yana lacca. Ya kafa reshen ƙungiyarsa a Falasɗinu a 1929, ya kuma shiga fafutukar ceto dogayen itatuwan redwood na Kalifoniya a Amurka.

Batun Sahara

Ba shi ne ya fara kukan cewa hamada na tahowa ba. E. P. Stebbing, farfesa a jami'ar Edinburgh, ya rubuta haka a 1935 bayan ya ziyarci arewacin Najeriya. Wani kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, bai kuma gamsu cewa rairayi na tahowa kamar yadda aka faɗa ba. Duk da haka Baker ya jagoranci wata tawaga da ta ratsa Sahara da mota a 1952 zuwa 1953, ya fitar da littafin Sahara Challenge a 1954, yana kiran a dasa katangar itatuwa mai faɗi domin tare hamadar. 

Sai a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Great Green Wall, daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000. Jihohi 11 na arewacin Najeriya ne ke ciki, har da Sakkwato da Zamfara da Katsina.

Masana da dama suna ganin tunanin katanga yana da rauni, don hamada ba ta tafiya a jere kamar runduna. Ƙasa tana lalacewa ne nan da can, inda aka sare itace, aka yi kiwo fiye da kima, ko damina ta gaza. Dashen da babu mai kula da shi kuwa yakan mutu a ranin farko. Abin da ya fi yin tasiri a wannan yanki ya fito ne daga jihar Maraɗi, tsallaken iyaka da Sabon Birni. Tun daga shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gonakinsu, suna sassabe shi suna barin ƙarfafan rassa, har gawo da kalgo da sabara suka dawo. Manomin Gobir, ko a Isa ko a Sabon Birni ko a Tsibiri, ya daɗe da sanin amfanin gawo: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Wannan hanya ta fi kama da abin da Baker ya yi da Njonjo a 1922 fiye da katangar da ya shahara da ita.

Ƙarshen rayuwa

A 1959 ya koma New Zealand da zama. Mabiyin addinin Baha'i ne. Jami'ar Saskatchewan ta ba shi digirin girmamawa a 1971, Sarauniyar Ingila kuma ta ba shi lambar OBE a 1978. Ya mutu a Saskatoon yana da shekara 92, 'yan kwanaki bayan ya halarci dashen wata bishiya a harabar jami'ar, kuma a garin aka binne shi.