Baron Haussmann: Gwamnan da ya rushe tsohuwar Paris da ƙarfin doka

An haifi Georges-Eugène Haussmann a birnin Paris ranar 27 ga Maris, 1809. Ya karanta shari'a, sannan ya yi shekaru yana aikin mulki a lardunan Faransa. A 1853 Sarki Napoleon na Uku ya naɗa shi gwamnan lardin Seine, wanda Paris ke cikinsa.

Tsakiyar birnin a lokacin lunguna ne masu duhu da ƙazanta, kuma kwalara ta hallaka fiye da mutum 18,000 a 1832. Sarki na son faffaɗan tituna, amma kowane titi sai ya ratsa gidajen jama'a.

Doka ce ta share wa Haussmann hanya. Tun 1841 gwamnati na da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, muddin ta biya diyya. A 1852 aka faɗaɗa ikon: hukuma na iya haɗawa da filayen da ke gefen sabon titi, ta sayar da su da tsada bayan an gama aiki. Sa hannun sarki kuma ya isa a amince da aiki, ba sai majalisa ta zauna ba. Da haka aka shimfiɗa manyan tituna da magudanan ƙarƙashin ƙasa, aka jawo ruwan sha daga nesa.

A 1858 lissafin ya rikice. Majalisar da ke duba hukunce-hukuncen gwamnati ta bai wa masu gidaje damar riƙe ragowar filayensu, ribar ta koma aljihunsu. Haussmann ya koma cin bashi ta wani asusu na musamman da 'yan majalisa ba sa sa ido a kansa. Talakawa 'yan haya kuwa, tsadar gidaje ta kora su zuwa bayan gari.

Ɗan adawa Jules Ferry ya fallasa yadda ake sarrafa kuɗin a rubuce-rubucensa, majalisa ta taso, sarki ya sauke Haussmann a Janairun 1870. Ayyukan sun ci kimanin faran biliyan 2.5, bashin da birnin ya yi shekaru da dama yana biya.

Ya rasu ranar 11 ga Janairu, 1891. Har yau wani babban titi a Paris na ɗauke da sunansa.