Mary Barber: Likitar da ta gano cewa asibiti da kansa yake renon ƙwayar cutar da ta gagari fenisilin

A ƙarshen shekarar 1947, lokacin da duniya ke tsakiyar murnar samun fenisilin, mujallar likitocin Birtaniya mai suna British Medical Journal ta buga wani rahoto da ya zo da akasin abin da ake son ji. Wata likita 'yar shekara 36 ce ta rubuta shi daga ɗakin gwaje-gwajen asibitin Hammersmith da ke Landan. Ta auna ƙwayoyin cutar Staphylococcus aureus da aka ɗebo daga jikin majinyata tsakanin Fabrairu da Yuni na wannan shekara, ta tarar kashi 38 cikin 100 ba sa jin fenisilin. A shekarar da ta gabata adadin bai kai kashi 15 ba. Da ta sake ƙirgawa a 1948, ya kai kashi 59. Sunanta Mary Barber, kuma shekaru 18 da suka rage mata a duniya a kan wannan ƙwaya suka ƙare.

An haife ta ranar 3 ga Afrilu, 1911, a garin Derby na Ingila. Mahaifinta likita ne. Ta yi karatu a makarantar koyon likitanci ta mata da ke Landan, wadda ke haɗe da asibitin Royal Free, a zamanin da yawancin makarantun likitanci na birnin ba sa ɗaukar mata. Ta zama likita a 1934, ta zaɓi sashen binciken cututtuka, wato aikin madubin likita da faranti da mugunya, wanda majinyaci ba ya ganin mai yin sa balle ya gode masa.

Ƙwayar da ta sa a gaba tsohuwar abokiyar zaman ɗan Adam ce. Wani likitan tiyata na Aberdeen, Alexander Ogston, shi ya bayyana ta a 1880 bayan ya duba mugunyar maruru, ya ga ƙwayoyin sun taru kamar nonon inabi. Kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a hanci ko a fata ba tare da ta yi masa komai ba. Tashin hankalin yana farawa ne idan ta sami ƙofa: yankan tiyata, ƙuna, bakin allurar ƙarin ruwa, cibiyar jariri, ko nonon mai jego da ya tsage. Daga nan takan shiga jini, ta kama ƙashi, ko huhu, ko zuciya. Wanda ya saba jin masu tallar maganin gargajiya a tashoshin Najeriya suna kiran sunanta a lasifika a matsayin ciwon sanyi mai hana haihuwa zai yi mamakin jin cewa ainihin ɓarnarta a kan gadon asibiti take.

A kan farantin wannan ƙwaya ce Alexander Fleming ya ga aikin fenisilin a 1928. Tana cikin ƙwayoyin da suka cinye fuskar Albert Alexander, ɗan sandan da aka yi wa allurar maganin a Oxford a Fabrairun 1941. Ya fara farfaɗowa, maganin ya ƙare duk da ana tace shi daga fitsarinsa ana sake yi masa, ya mutu a watan Maris. Bayan yaƙin duniya na biyu magani ya wadata, likitoci suka saki jiki da shi. Fleming ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Shi hasashe ya yi. Barber ce ta kawo lissafi, kuma lissafin nata ya nuna hanyar da ta fi wadda Fleming ya hango muni.

Abin da ta lura da shi shi ne, wasu daga cikin majinyatan da ƙwayarsu ta bijire wa fenisilin ba a taɓa ba su fenisilin ba. Ke nan ba a jikinsu ƙwayar ta koyi taurin kai ba. Da taurinta ta same su. An riga an san cewa wasu nau'o'in ƙwayar suna fitar da wani sinadari, fenisilines, wanda ke farfasa maganin kafin ya taɓa su. Barber ta haɗa waɗannan biyu ta fitar da bayani: duk lokacin da aka yi wa ɗaki guda ruwan fenisilin, ƙwayoyi masu rauni sukan mutu, masu sinadarin su sami fili su hayayyafa, sannan su bi hannu da zanin gado da ƙura su koma gado na gaba. Ta bi sawunsu da wata dabara ta bambance dangin ƙwaya ta hanyar ƙananan ƙwayoyin bairos masu cin bakteriya, kamar yadda ɗan sanda ke bin zanen yatsa. Sawun ya kai ta hancin ma'aikatan jinya, waɗanda ke ɗauke da ƙwayar suna cikin ƙoshin lafiya, suna kai ta daga majinyaci zuwa majinyaci ba su sani ba.

Wannan magana ce mai nauyi a faɗa wa asibiti. Ta nuna cewa ba majinyaci ne ke jawo wa kansa ba, wurin da ya je neman sauƙi ne ke ba shi cutar, ta hannun mutanen da suka fi kowa ɗawainiya da shi. Kuma mai faɗin maganar mace ce daga ɗakin gwaji, a tsarin da babban likitan tiyata yake sarki a ɗakinsa, ba mai tambayarsa dalilin rubuta magani.

A 1948 ta koma makarantar likitanci ta asibitin St Thomas, inda ta yi kimanin shekara 10, ta kuma bi diddigin yaɗuwar ƙwayar a ɗakunan haihuwa. Shekarun 1950 suka gaskata ta. Duk sabon maganin da aka fito da shi, sitireftomaisin ko tetirasaikilin ko eritiromaisin, ƙwayar asibiti takan same shi ta shanye. Wani nau'i da aka yi wa laƙabi da 80/81, wanda aka fara ganowa a Ostiraliya, ya ratsa ɗakunan jarirai na Birtaniya da Amurka da Kanada, yana fesa wa jarirai ƙuraje, yana tara wa iyayensu mata mugunya a nono.

Da ta dawo Hammersmith a ƙarshen shekarun 1950 sai ta yi abin da ya fi ƙirga wuya. Ta shawo kan likitocin tiyata suka amince da ƙa'ida ɗaya da za ta hau kan kowa: a daina bayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da hujja, a taƙaita fenisilin sosai, idan kuma ya zama dole a bayar da magani, a haɗa iri biyu don ƙwayar da ta tsere wa ɗaya ta faɗa hannun ɗayan. Aka haɗa da tsaurara tsabta da keɓe masu ɗauke da cutar. Sakamakon da ita da abokan aikinta suka buga a 1960 ya nuna cewa yawan cututtukan da ke bijire wa magunguna fiye da ɗaya ya ragu da kusan rabi, fenisilin kuma ya dawo yana aiki a kan da yawa daga cikinsu. Ba ta ƙirƙiro sabon magani ba. Ta nuna ne cewa abin da likitoci suka ɓata da alƙalaminsu, za su iya gyara wani sashensa da alƙalamin. Tsarin sa ido kan rubuta magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ke roƙon ƙasashe su ɗauka a yau, jikan wancan gwaji ne.

Kasuwa kuwa wata amsa ta kawo. Kamfanin Beecham ya fito da metisilin, wani fenisilin da sinadarin ƙwayar ba ya iya farfasawa, aka shiga cewa an gama da matsalar. Ba a rufa shekara biyu ba, a farkon 1961, Patricia Jevons ta ɗakin gwaje-gwajen gwamnati da ke Colindale ta ba da rahoton cewa cikin samfura sama da 5,000 da ta auna, guda 3 ba sa jin sabon maganin. A wannan shekarar Barber ta buga nata binciken a kan irin waɗannan ƙwayoyi. Su ne yau ake kira MRSA. Wani nazarin ƙwayoyin halitta da aka buga a 2017 ya gano cewa nau'in ya samu ne tun tsakiyar shekarun 1940, kafin a ƙera metisilin, kuma yawan amfani da fenisilin ne ya share masa hanya. Wato a daidai watannin da Barber ke zaune tana ƙirga faranti, magajin ƙwayar da take ƙirgawa ya riga ya fara yawo.

Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, sama da 100,000 daga cikinsu MRSA ce ta yi ajalinsu. Yankin da mace-macen suka fi yawa idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, da kusan mutum 27 cikin kowane 100,000. Birtaniya ta hana sayar da fenisilin ba da takardar likita ba tun 1947, duk da haka asibitocinta suka sha abin da suka sha. A Kano ko Maraɗi, Ampiclox, wanda rabinsa ɗan'uwan metisilin ne, ana iya sayen ƙwaya biyu ko huɗu a kemis ko a hannun ɗan talla, kuma asibitoci da yawa ba su da ɗakin gwajin da zai faɗa wa likita ko maganin da ya rubuta yana aiki.

Barber ba ta tsaya ga faranti kaɗai ba. Mai ra'ayin gurguzu ce a siyasa, mai riƙo da ɗariƙar Angalika a addini, kuma ba ta ga karo tsakanin biyun ba. An san ta da rashin damuwa da kwalliya da kuma faɗin abin da ke ranta a gaban manya. A 1963 ita da Lawrence Garrod suka wallafa littafin Antibiotic and Chemotherapy, wanda aka ci gaba da sabunta shi shekaru da dama bayan mutuwarsu. A shekarunta na ƙarshe Jami'ar Landan ta ba ta kujerar farfesa a fannin nazarin bakteriya na asibiti.

Ranar 11 ga Satumba, 1965, tana kan hanyar zuwa taron ƙungiyar masu fafutukar kawar da makaman nukiliya, ta yi hatsarin mota ta mutu. Shekarunta 54.