Nana Safiyya 'yar Huyayyu: Bayahudiyar asali, Uwar Muminai

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

A cikin Iyayen Muminai goma sha ɗaya da malamai suka haɗu a kansu, Safiyya 'yar Huyayyu ɗan Akhɗab (RA) ce kaɗai wadda nasabarta ba ta komawa ga Larabawa. Mahaifinta shi ne shugaban Yahudawan Banu Nadir, mahaifiyarta Barra 'yar Samau'al kuwa daga Banu Ƙuraiza take, kuma gidansu yana danganta kansa ga Annabi Haruna (AS). Ta rayu fiye da shekara arba'in a Musulunci tana ɗauke da wannan asali. An yi mata gori da shi har ta yi kuka, ita kuwa ba ta taɓa ɓoye shi ba har ta koma ga Mahaliccinta.

An haife ta a Madina kimanin shekara goma kafin Hijira. Ibn Is'haƙ ya ruwaito daga bakinta cewa ita ce 'yar lelen mahaifinta da baffanta Abu Yasir, duk sanda suka gan ta a cikin yara ita suke fara ɗauka. Da Manzon Allah (SAW) ya sauka a Ƙuba, sai su biyun suka yi sammako don su gan shi, ba su dawo ba sai faɗuwar rana, a gajiye, suna jan ƙafa. Ta tare su da murna kamar yadda ta saba, babu wanda ya ko dube ta. Nan ta ji baffan yana tambayar mahaifinta ko shi ne wanda ake jira, mahaifin ya tabbatar masa da cewa shi ne, sannan ya ƙara da cewa zai yi gaba da shi muddin yana numfashi. Yarinya ƙarama ta ji uban da take ƙauna ya gane gaskiya kuma ya zaɓi ya yaƙe ta, ta riƙe wannan a ranta shekaru.

Abin da ya biyo baya rashi ne a kan rashi. A shekara ta 4 bayan Hijira aka fitar da Banu Nadir daga Madina bayan sun warware alkawari, suka rushe gidajensu da hannuwansu kamar yadda Suratul Hashri ta ba da labari, iyalan Huyayyu suka koma Khaibar, kimanin kilomita 150 arewa da Madina. Daga can Huyayyu ya tafi Makka ya zuga Ƙuraishawa, aka yi taron dangi a kan Madina a shekara ta 5, kuma shi ne ya lallashi Ka'abu ɗan Asad har Banu Ƙuraiza suka karya nasu alkawarin ana tsakiyar yaƙi. Da aka zartar da hukunci a kansu, har da shi aka kashe. Safiyya ta fara auren Sallamu ɗan Mishkam suka rabu, sannan ta auri Kinana ɗan Rabi'u, wanda aka kashe a yaƙin Khaibar a shekara ta 7. Tana da kimanin shekara 17 ke nan, babu uba, babu miji, babu garin haihuwa, ga ta cikin fursunonin yaƙi.

Ko a ranar farko an ga yadda Manzon Allah (SAW) ya kula da halin da zuciyarta take ciki. Bilal (RA) ne ya taho da ita tare da wata mace daga danginta, ya ratso da su ta wurin gawarwakin mutanensu. Ɗaya matar ta fasa kururuwa tana zuba wa kanta ƙasa, Safiyya kuwa ta yi shiru. Annabi (SAW) ya yi wa Bilal faɗa, ya tambaye shi ko an cire masa tausayi ne da zai bi da mata ta kan mazajensu da aka kashe. Ta fara faɗawa cikin rabon Dihya Al-Kalbi, sai aka sanar da Annabi matsayinta a cikin mutanenta, ya karɓe ta. Imam Ahmad ya ruwaito daga Anas cewa ya ba ta zaɓi tsakanin ta koma wurin danginta ko ya 'yanta ta ya aure ta, ta zaɓi na biyu. 'Yancinta ya zama sadakinta. A wani zango da ake kira Sahba'u Ummu Sulaim ta yi mata kwalliya, aka yi walima da dabino da cuku da man shanu, babu nama babu gurasa. Sahabbai suna ta tunanin ko matar aure ce ko baiwa, har suka ga ya sa mata hijabi ya ɗora ta a bayansa. Anas ya ce ya ga Manzon Allah (SAW) ya durƙusa kusa da raƙumi ya kafa gwiwarsa, ta taka ta hau.

Akwai ruwayar da masu wa'azi kan tsallake, alhali a ganina ita ce mabuɗin fahimtar rayuwarta. Ibn Hibban ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar cewa Safiyya da kanta ta faɗi cewa da farko Manzon Allah (SAW) yana cikin waɗanda ta fi ƙi a duniya, domin ta dalilinsa ta rasa uba da miji. Bai daina ba ta haƙuri ba, yana yi mata bayanin abin da mahaifinta ya aikata na tara masa Larabawa, har abin ya fita daga ranta. A lura da cewa bai tsawata mata a kan baƙin cikin uban da ya mutu yana gaba da Musulunci ba. Ya san 'ya ce, kuma uba uba ne. Ya zauna da ita, ya maimaita magana sau da yawa, ya bar wa lokaci nasa aikin. Ita kuma ba ta ji kunyar ba da wannan labari daga baya ba, abin da ke nuna cewa ciwon ya warke har ana iya taɓa wurin.

Madina ba ta karɓe ta hannu bibbiyu nan take ba. Suna dab da shiga gari taguwar Annabi ta yi tuntuɓe suka faɗi tare, Muslim ya ruwaito cewa wasu mata da ke leƙe suka yi wa Bayahudiyar fatan Allah Ya nisanta ta. An sauke ta a gidan Harisa ɗan Nu'uman, matan Ansar suka yi ta zuwa kallon kyanta. Ibn Sa'ad ya ce Nana A'isha (RA) ma ta je da niƙabi, Annabi ya gane ta, ya tambaye ta abin da ta gani, ta ce Bayahudiya ta gani. Ya hana ta faɗin haka, ya ce ta musulunta kuma Musuluncinta ya yi kyau. Garin da aka haife ta ne, a nan ta yi wasan ƙuruciya, amma ta dawo cikinsa baƙuwa, sunan ƙabilarta yana riga ta shiga kowane ɗaki.

Wata rana labari ya iske ta cewa Nana Hafsa (RA) ta kira ta 'yar Bayahude. Manzon Allah (SAW) ya shigo ya same ta tana kuka, ya tambaye ta dalili, ta faɗa masa. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa ya amsa mata da cewa ita 'yar annabi ce, baffanta annabi ne, kuma tana auren annabi, to da me za a yi mata alfahari. Yana nufin Haruna da Musa da shi kansa. Sannan ya juya ga Hafsa ya ce ta ji tsoron Allah.

Wannan amsa tana buƙatar a tsaya a kanta. Da a wurinmu ne, mai lallashi zai ce mata ta manta da baya, ai yanzu ta zama tamu. Irin wannan lallashi yana da dafi a ciki, domin ya yarda da mai gorin cewa asalin abin kunya ne, sai dai a rufe shi. Manzon Allah (SAW) ya ɗauki nasabar nan da aka jefe ta da ita, ya bi ta har tushe, ya nuna mata annabawa biyu a ciki, ya mayar mata da ita a matsayin ado. Wanda aka koya wa jin kunyar iyayensa kullum a tsorace yake, yana auna maganarsa, yana gudun ranar da za a tona. Rabinsa yana gadin ɗaya rabin, kuma babu natsuwa ga mai wannan aiki dare da rana. Annabi ya sauke wa Safiyya wannan kaya, bai kuma tsaya a lallashi ba, ya tsawata wa wadda ta yi maganar, domin wanda aka cuta yana ƙara samun sauƙi idan ya ga an kira laifin da sunansa.

Abin ya sake faruwa a tafiyar Hajji. Raƙumin Safiyya ya kasa, Nana Zainab 'yar Jahshi (RA) tana da rarar abin hawa, Annabi ya nemi ta ba ta ɗaya, ta ƙi, ta ambace ta da Bayahudiya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi fushi ya ƙaurace wa Zainab watan Zulhajji da Muharram da wani yanki na Safar. Zainab 'yar gwaggonsa ce, amma kusancin bai sa ya kau da kai ba. Haka da Nana A'isha ta yi nuni da gajartar Safiyya, ya gaya mata cewa ta faɗi kalmar da in an cuɗa ta da ruwan teku za ta gurɓata shi. Ba a kawo waɗannan don rage darajar Iyayen Muminai ba. Kishi ɗabi'a ce ta ɗan Adam, su kuma mata ne da suke karɓar gyara, kamar yadda ƙarshen labarin zai nuna.

Mu ma muna da irin wannan a unguwanninmu, kuma limamai suna jin kukansa. Mutum ya musulunta shekara talatin, ya yi Hajji, ya aurar da 'ya'ya, amma har gobe sunansa tubabbe, kuma ranar da ya nemi aure wa ɗansa ake tuna masa daga inda ya fito. Yaron da mahaifiyarsa ta fito daga wata ƙabila yakan daina amsa ta da yarenta a gaban abokai, ya riƙa ɓoye kawunnansa idan sun zo gari. A gidan kishiyoyi kuwa gorin asali shi ne makamin farko da ake zarowa. Masu irin wannan ciwo ba safai suke faɗa ba. Sai dai a ga yarinya ta daina shiga mutane, ko saurayi ya zama mai saurin fushi, ko wanda ya shigo addini da farin ciki ya fara ja da baya, a ce imaninsa ne ya yi rauni, alhali harsunanmu ne suka kore shi. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabobi, ta kuma bayyana cewa an yi mu ƙabilu ne don mu san juna.

Annabi (SAW) bai sauya mata sunan uba ba. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ta hanyar Aliyu ɗan Husaini, ta ziyarce shi da dare yana i'itikafi, ya taso zai raka ta, wasu Ansar biyu suka gan su suka ƙara sauri. Ya tsayar da su ya sanar da su cewa Safiyya ce 'yar Huyayyu, ya ambaci sunan mutumin da ya tara masa rundunar Ahzab a matsayin surukinsa ba tare da wata inda-inda ba. A rashin lafiyarsa ta ƙarshe ta ce ta so a ce ciwon a jikinta yake, sauran matan suka ƙifta wa juna ido, ya rantse cewa gaskiya take faɗa.

Bayan wafatinsa an ga amfanin wannan tarbiyya. Ibn Abdil Barr ya kawo cewa wata kuyangarta ta kai ƙara wurin Halifa Umar cewa Safiyya tana son ranar Asabar kuma tana hulɗa da Yahudawa. Umar ya aika aka tambaye ta. Ta amsa cewa ba ta ƙara son Asabar ba tun da Allah Ya musanya mata da Juma'a, Yahudawa kuwa tana da dangi a cikinsu kuma tana sadar da zumuncinsu. Amsar mutum ce da ya san inda iyakar take: aƙida ta sauya gaba ɗaya, jini kuma yana nan da haƙƙinsa, kamar yadda Suratul Mumtahana ta halatta kyautata wa waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba. Ba ta yi rantse-rantse ba, ba ta yanke danginta don ta wanke kanta ba. Ta tambayi kuyangar abin da ya kai ta, ta ce Shaiɗan ne, sai Safiyya ta 'yanta ta.

A shekara ta 35, da 'yan tawaye suka tsare Halifa Usman a gidansa suka hana shi ruwa, ta hau alfadara ta nufi gidan don ta kare shi. Ashtar ya tare ta ya doki fuskar alfadarar, ta koma. Sai ta sa aka gitta katako daga gidanta zuwa nasa, tana aika masa abinci da ruwa ta kai.

Ta rasu a Madina a shekara ta 50 bayan Hijira bisa zance mafi shahara, a zamanin Mu'awiya, aka binne ta a Baƙi'a. Hadisai goma aka ruwaito daga gare ta. Ibn Sa'ad ya ce ta bar dukiyar da ta kai dirhami 100,000, ta yi wasiyyar sulusi ga ɗan 'yar'uwarta, wanda yake Bayahude. Ta san saɓanin addini yana hana gado, ta kuma san ƙofar wasiyya a buɗe take har zuwa sulusi. Masu rabon suka ƙi ba shi. Da labari ya kai ga Nana A'isha, wadda ta taɓa zuwa kallonta da niƙabi shekara arba'in da uku kafin nan, sai ta aika musu cewa su ji tsoron Allah su ba shi wasiyyarsa. Suka ba shi.

Allah Ya ƙara musu yarda baki ɗaya.