Obadiya, Bawan Ubangiji a Fadar Ahab

Idan an ambaci sunan Obadiya, hankalin yawancinmu yakan tafi ga annabin nan mai ɗan littafi tsakanin Amos da Yunusa, littafi mai aya 21 kacal, wanda ya fi kowane gajarta a Tsohon Alkawari. Amma mutum fiye da goma ne suka amsa wannan suna a Littafi Mai Tsarki. Akwai jarumi daga kabilar Gad wanda ya bi Dawuda, akwai ɗaya daga cikin dattawan da sarki Yehoshafat ya aika su koyar da shari'a a garuruwan Yahuza, akwai kuma Balawen da ya lura da gyaran Haikali a zamanin Yosiya. A Ibrananci ma'anar sunan ita ce bawan Ubangiji, kusan daidai da Abdullahi, gama Ibrananci da Larabci 'yan'uwan juna ne.

Wanda za mu duba yau shi ne Obadiya na fadar sarki Ahab, wanda labarinsa yake a 1 Sarakuna sura 18.

Ahab ɗan Omri ya yi mulkin Isra'ila shekara 22 a Samariya, wajen shekara ta 874 zuwa 853 kafin haihuwar Almasihu. Ya auri Yezebel, 'yar sarkin Sidoniyawa, ya gina wa gunkinta Ba'al ɗakin sujada a babban birnin. A wannan gida ne Obadiya yake shugaban fada, wato kamar sarkin gida a wurinmu. Rumbuna da barori da dukan hidimar gidan suna hannunsa. Mutum ne kuwa mai tsoron Ubangiji ƙwarai, tun yana saurayi.

Sa'ad da Yezebel ta tashi karkashe annabawan Ubangiji, Obadiya ya kwashi ɗari daga cikinsu, ya raba su hamsin hamsin, ya ɓoye su a kogo, yana ciyar da su da gurasa da ruwa. A taƙaice aka faɗi wannan, shi ya sa mukan karanta mu wuce. Amma duk macen da ta taɓa yin girkin taron ikilisiya ta san abin da ake nufi da bakin mutum ɗari. Ga shi kuma ba na yini ɗaya ba ne, kuma dole a yi shi a ɓoye. Sai an sami masu ɗaukar kaya masu riƙon asiri, sai an bi hanyar da ido ba ya gani. Da gari ya waye kuma, ya shiga fada ya gai da sarauniyar da take cigiyar mutanen nan, wadda annabawan gumaka ɗari huɗu suke ci daga teburinta. Bara ɗaya mai sakin baki ya isa ya sa a sare kansa.

Mun sha jin masu wa'azi suna zarginsa, wai me mai tsoron Allah yake yi a gidan Ahab, don me bai ajiye aikin ba? Mu dai ba mu yarda da wannan zargi ba. Da ya fita daga fada, da ba shi da ikon ɓoye ko mutum ɗaya. Yusufu ma ya yi wa Fir'auna aiki, Daniyel ya yi wa sarakunan Babila. 'Yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati, waɗanda wani lokaci akan yi musu kallon banza a majami'a, su riƙe wannan.

A shekara ta uku ta farin da annabi Iliya ya sanar, yunwa ta tsananta a Samariya. Ahab ya kira Obadiya, suka raba ƙasar tsakaninsu, kowa ya bi hanyarsa neman ciyawa a maɓuɓɓugai da kwaruruka, don kada dawakai da alfadarai su mutu. Talakawa suna fama da yunwa, sarki kuwa dabbobi ne damuwarsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wani rubutun dutse na Shalmanesar na 3, sarkin Assuriya, ya ce Ahab ya kai karusai 2,000 yaƙin Ƙarƙar a shekara ta 853. Dawakan nan su ne ƙarfin mulkinsa.

A kan wannan hanya Obadiya ya yi kiciɓis da Iliya. Ya gane shi, ya faɗi rubda ciki. Iliya ya umarce shi ya je ya faɗa wa maigidansa ga shi ya bayyana. Nan fa tsoro ya kama Obadiya. Ya san Ahab ya aika neman Iliya a ƙasashen kewaye, har yana sa su rantse cewa ba ya wurinsu. Ya ji tsoro kada ya juya baya Ruhun Ubangiji ya ɗauke annabin zuwa wani wuri, sarki ya zo bai same shi ba. Har sau uku ya ce Ahab zai kashe shi, ya kuma tuna wa Iliya batun annabawa ɗarin nan. Littafin bai rufa masa asiri ba, mu ma ba za mu ce bai ji tsoro ba. Amma akwai abin da ya fi ransa a cikin hatsari: kai wannan saƙo zai nuna wa fada cewa shi da Iliya bakinsu ɗaya, mutum ɗari kuwa suna dogara ga rufin asirinsa. Da Iliya ya rantse masa cewa a ranar zai nuna kansa ga sarki, sai Obadiya ya tafi ya faɗa. Wannan saƙo ne ya buɗe hanyar abin da ya faru a Dutsen Karmel. Abin mamaki, a can Iliya ya ce shi kaɗai ya ragu cikin annabawan Ubangiji, alhali bai daɗe da jin labarin ɗarin nan ba.

Malaman Yahudawa na dā sun ce wannan Obadiya shi ne annabin da ya yi littafin, amma yawancin masana suna sa littafin bayan faɗuwar Urushalima a shekara ta 586, kusan shekara 300 bayan Ahab. Suna da wani labari kuma, wanda marubucin tarihi Yosifus ma ya kawo. Sun ce gwauruwar da ta kai kuka wurin Elisha a 2 Sarakuna sura 4, wadda mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi, matar Obadiya ce, bashin kuwa na ciyar da annabawan ne. Nassi bai ambaci sunan mijin ba, ya dai ce mai tsoron Ubangiji ne. Da ɗan man da ya rage a gidanta aka cika tuluna, ta sayar, ta biya bashin, ita da 'ya'yanta suka rayu da sauran.